Yarjejeniyar Tsaro ta 1960 Tsakanin Nijeriya da Ingila: Yadda Ƙasa Take Tsara Siyasarta ta Waje da ta Tsaro

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka ambaci siyasar waje, abin da yakan faɗo wa mutane a rai shi ne jakadu da liyafa da jawabai a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan kuwa aka ambaci tsaron ƙasa, sai a tuna da soja da bindiga da fareti. Saboda haka akan ɗauka waɗannan abubuwa biyu sha'ani ne na manya kaɗai, watau talaka ba shi da ta cewa, ɗalibi ya ji da karatunsa, ma'aikaci kuma ya bi umurni. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna ta hanyar tarihi cewa siyasar waje a cikin gida ake ƙera ta, kuma duk shawarar da shugabanni suka yanke a kanta ba ta ɗorewa sai ta sami yardar jama'a, sa'an nan kuma ƙasa tana da ƙarfin ɗaukar nauyinta. Misalin da za a dogara a kai shi ne yarjejeniyar tsaro wadda Nijeriya ta ƙulla da Ingila a lokacin samun mulkin kai, aka soke ta cikin watan Janairu na 1962, tare da abubuwan da suka biyo bayanta.

Tun da farko ya kamata a gane cewa siyasar waje da siyasar tsaro ɗanjuma ne da ɗanjummai, kuma wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1826 Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya komo Sakkwato ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka daga gwamnatin Ingila zuwa ga Shehun Barno, Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi, a cikinsu har da makamai. A lokacin nan kuwa ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya karɓi wannan baƙo hannu biyu-biyu a zuwansa na farko cikin 1824, sai ya hana kayan wucewa. Mutumin bai sake ba, amma halin da daular take ciki ya sake, saboda haka hulɗarta da baƙo ita ma ta sake. Abin da ya sa sarki ya yi haka shi ne yake sa gwamnatocin zamani su yi abokai ko su rabu da su.

Abin da Ingila Take Nema a Kano

Ba za a fahimci yarjejeniyar 1960 ba sai an san matsayin filin jirgin saman Kano a wurin Turawan Ingila. A Kano jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya, cikin 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi, wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan har su isa Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya, kuma hafsoshin Ingila ba su manta da amfaninta ba.

Bayan yaƙi Ingila ta ci gaba da riƙe sansanonin soja a Adan da Kenya da Singafo, kuma hanyar zuwa gare su ta Gabas ta Tsakiya take bi. A shekarar 1956 Shugaba Gamal Abdul Nasir ya mai da mashigin ruwan Suwez mallakar Masar. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, amma daga baya aka tilasta musu janyewa. Cikin Yuli 1958 kuma soja suka kifar da sarautar Iraƙi, wadda take ɗasawa da Ingila. Da waɗannan abubuwa biyu sararin samaniyar ƙasashen Larabawa da dama ya rufe wa jiragen sojan Ingila. Dole ta nemi wata hanya ta cikin Afirka, kuma idonta ya koma kan Kano.

Ana cikin wannan hali aka yi taron tsarin mulkin Nijeriya a London cikin watannin Satumba da Oktoba na 1958, taron da a cikinsa aka tsai da ranar 1 ga Oktoba 1960 ta zama ranar mulkin kai. A gefen taron, Ministan Tsaron Ingila, Duncan Sandys, ya gabatar wa shugabannin Nijeriya huɗu da daftarin yarjejeniyar tsaro. Shugabannin su ne Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Jihar Arewa Alhaji Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Jihar Yamma Cif Obafemi Awolowo, da Firimiyan Jihar Gabas Dokta Nnamdi Azikiwe. Dukkansu sun sa hannu. Daftarin ya ce ƙasashen biyu za su taimaki juna wajen tsaro, Ingila za ta horar da sojan Nijeriya ta kuma taimaka da kayan yaƙi, jiragen sojan kowace ƙasa za su iya ratsa sararin ɗayar su sauka a filayenta, sa'an nan Nijeriya za ta ba Ingila hayar fili a Kano don ta gina wurin yada zangon jiragenta ta zaunar da mutanenta. Ba a kai wannan takarda gaban Majalisar Wakilai ba a lokacin, ba a kuma bayyana wa jama'a abin da yake cikinta ba.

Masu Tsara Siyasar Waje a Farkon Mulkin Kai

Kafin a zargi shugabannin nan, ya kamata a dubi abin da yake hannunsu. Har zuwa ranar mulkin kai, harkokin waje da na tsaro suna ƙarƙashin Gwamna-Janar ne. Sai a 1957 aka ɗauki samari goma sha biyu na farko don a koya musu aikin jakadanci, a cikinsu akwai Alhaji Aminu Sanusi, Ciroman Kano, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Ma'aikatar Harkokin Waje. A ofisoshin jakadancin Ingila da suke ƙasashe dabam-dabam aka tura su koyon aiki. Watau ma'aikatan da za su ba gwamnati shawara a kan hulɗa da Ingila, Ingila ce ta koya musu yadda ake duban duniya.

Ta fuskar soja abin ya fi haka tsanani. Sai cikin Afrilu 1958 ikon sojan Nijeriya ya bar hannun Ma'aikatar Yaƙi ta London ya dawo Ikko. Ranar da aka sami mulkin kai sojan ƙasa ba su kai dubu goma ba, mafi yawan manyan hafsoshinsu Turawa ne, babu rundunar mayaƙan sama ko kaɗan, kuma Bature ne ya ci gaba da shugabancin rundunar har 1965, lokacin da Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓa daga Manjo-Janar Welby-Everard. Shugaban da ya gaji irin wannan runduna, a daidai lokacin da ƙasar Kwango ta rikice kwana kaɗan bayan samun 'yancinta, ba abin mamaki ba ne ya ga amfanin samun babban aboki wanda zai jingina da shi.

Har ila yau, siyasar cikin gida ta takura wa Firayim Minista. Bayan zaɓen Disamba 1959 gwamnatin tarayya ta zama ta haɗin gwiwa tsakanin jam'iyyar NPC, wadda take son a bi duniya a sannu, da NCNC, wadda matasanta suke ɗokin irin ra'ayin Shugaba Kwame Nkrumah na Gana. Jihohi uku kuma kowace tana da wakilinta a London, kowane Firimiya yana fita ƙasashen waje yana neman abokai da bashi. Alal misali, a 1960 gwamnatin tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila, gwamnatin Jihar Arewa kuwa ta fito fili ta ce ba da ita ba. Wataƙila saboda irin wannan sarƙaƙiya ne Alhaji Abubakar ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje a hannunsa har zuwa Yuli 1961, sa'ad da ya naɗa Jaja Wachuku minista. Ma'aikatar Tsaro kuwa ya damƙa ta ga Alhaji Muhammadu Ribaɗu, ɗaya daga cikin ƙusoshin NPC. Ke nan manyan shawarwari suna hannun mutane ƙalilan ne, waɗanda suka san juna, suka kuma amince da juna.

Yadda Maganar ta Fito Fili

Abin da ya tona asirin yarjejeniyar shi ne sauyin da zaɓen 1959 ya kawo. Cif Awolowo ya bar kujerar Firimiya ya tafi Majalisar Wakilai da niyyar zama Firayim Minista, sai ya ƙare a matsayin shugaban 'yan hamayya. A cikin 1960 ya bayyana wa duniya cewa akwai wannan takarda, ya kuma ce matsa musu aka yi suka sa hannu, don an nuna musu ba za a tsai da ranar mulkin kai ba sai sun yarda. Gwamnatin tarayya ta musa cewa an tilasta wa kowa, abokan gabansa na siyasa kuma suka riƙa tambaya, ina bakinsa yake tun 1958? Ko ma mene ne ya sa shi magana, abin da aka ɓoye ya riga ya fito, jaridu suka ɗauka.

Gwamnati ba ta yi kunnen uwar shegu ba. A taron da aka sake yi a London cikin Mayu 1960 an cire maganar ba da fili a Kano, aka bar sauran sharuɗɗan, watau horar da soja, da ratsa sararin samaniya, da saukar jirage, da wata kariya ta shari'a ga sojan Ingila da za su zo ƙasar. Wannan sabon daftari shi aka kai Majalisar Wakilai cikin Nuwamba 1960. Alhaji Muhammadu Ribaɗu ya kare shi da cewa Nijeriya ce ta fi cin riba, kuma babu wani sansanin baƙi a ciki. Gwamnati tana da rinjaye, saboda haka majalisa ta amince.

Amma amincewar majalisa ba ta kashe maganar ba. A ƙarshen watan nan na Nuwamba ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun suka yi ayari zuwa Ikko, suka kutsa harabar majalisa, har sai da 'yan sanda suka tarwatsa su. Ƙungiyoyin ƙwadago da na matasa suka mara musu baya, haka nan waɗansu 'yan majalisa na ɓangaren gwamnati suka riƙa gunaguni. Hujjarsu a fili take. Ran 7 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama ƙasa ta 99, kuma Firayim Minista ya riga ya bayyana cewa ƙasar ba za ta bi wani rukuni na manyan ƙasashe ido rufe ba. To, ta yaya ƙasar da ta faɗi haka za ta buɗe sararinta ga jiragen yaƙin ɗaya daga cikin manyan ƙasashen Yamma? Idan Ingila ta yi amfani da Kano ta kai soja su murƙushe masu neman 'yanci a Kenya ko Rodeshiya, wa za a ce ya ba ta hanya? Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abubuwan da suka faru cikin 1961 sun ƙara wa wutar iska. Cikin Janairu aka kashe Firayim Ministan Kwango, Patrice Lumumba, da labarin ya iso Ikko cikin Fabrairu aka yi babbar zanga-zangar ƙin Turawan Yamma. Ba wai gwamnatin Alhaji Abubakar ta kasa nuna ƙarfin hali ba ne a waɗansu wurare. A farkon Janairun nan ta kori jakadan Faransa saboda gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da Faransa take yi a Hamadar Sahara, cikin Maris kuma tana daga cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu har ta fita daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila saboda wariyar launin fata. Duk da haka, ko ina wakilan Nijeriya suka je a Afirka sai a yi musu gori da yarjejeniyar. Cikin Agusta 1961 aka kira wani babban taro na jama'a a Ikko a ƙarƙashin Dokta K. O. Mbadiwe, mai ba Firayim Minista shawara kan harkokin Afirka, don a ji ra'ayin 'yan ƙasa a kan siyasar waje, nan ma aka sha sukar yadda gwamnati take manne da Ingila.

Cikin Janairu 1962, kwanaki kaɗan kafin shugabannin ƙasashen Afirka su hallara a Ikko don wani taro wanda Nijeriya take fatan ya tabbatar mata da jagoranci, gwamnatocin biyu suka ba da sanarwar soke yarjejeniyar. Shekara ɗaya da 'yan watanni kawai ta yi bayan amincewar majalisa. Abin lura a nan shi ne gwamnati ba ta rasa rinjayenta a majalisa ba, ba kuma wata ƙasa ce ta tilasta mata ba. Ta dai auna ne ta ga abin da take asara a gida da kuma a idon Afirka ya fi abin da take samu.

Takarda ta Tafi, Dogaro ya Rage

Kuskure ne a ɗauka cewa da soke yarjejeniyar Nijeriya ta tsaya da ƙafafunta. Sanarwar sokewar ita kanta ta ce ƙasashen biyu za su ci gaba da taimakon juna wajen tsaro yadda ya dace da 'yan ƙungiya ɗaya. Hafsoshi suka ci gaba da zuwa Sandhurst, makamai suka ci gaba da zuwa daga Ingila. Sai dai gwamnati ta fara rarraba ƙafa. A 1964 aka kafa rundunar mayaƙan sama da taimakon Jamus ta Yamma, aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshi a Kaduna da taimakon Indiya, aka kuma kafa masana'antar ƙera makamai a Kaduna. A wannan shekara ce bataliyar sojan Nijeriya ta tafi Tanganyika ta maye gurbin sojan Ingila waɗanda Shugaba Julius Nyerere ya kira lokacin da sojansa suka yi bore.

Yaƙin basasa, wanda ya ɓarke cikin Yuli 1967, shi ne ya gwada ƙarfin wannan shiri. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi jiragen yaƙi. Amurka ta ƙi sayar da makamai ga kowane ɓangare, Ingila ta yarda da ƙananan makamai da motoci masu sulke amma ta hana jirage. Sai gwamnati ta juya wajen Tarayyar Sobiyat, ƙasar da gwamnatin farar hula ta daɗe tana ɗari-ɗari da ita. Cikin Agusta 1967 jiragen yaƙi samfurin MiG suka iso, kuma a filin jirgin saman Kano aka sauke su, filin nan da Ingila ta nema shekara tara da suka wuce. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma abokin da aka dogara da shi ya duba bukatar kansa ne tukuna, kamar yadda kowace ƙasa take yi.

Yaƙin ya koya wa Nijeriya wani darasi a kan maƙwabta. Faransa ta taimaki Biyafara, ƙasashen Afirka huɗu kuma, watau Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya, suka amince da ita cikin 1968. Amma Shugaba Diori Hamani na Nijar da Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru sun tsaya tare da gwamnatin tarayya. Da ɗayansu ya buɗe iyakarsa ga 'yan tawaye, da yaƙin ya ɗauki wani salo dabam. Sanin haka yana daga cikin abin da ya sa Janar Gowon, tare da Shugaba Eyadema na Togo, ya dage har aka kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma a Ikko ran 28 ga Mayu 1975, da ƙasashe goma sha biyar. A ƙarshen yaƙi cikin Janairu 1970 sojan Nijeriya sun kai wajen 250,000, kuɗin man fetur kuma ya fara shigowa, musamman bayan hauhawar farashinsa a 1973.

Angola, 1975

Shawarar da Nijeriya ta yanke a kan Angola tana nuna ɗaya fuskar maganar. Portugal ta bar Angola ran 11 ga Nuwamba 1975 alhali ƙungiyoyi uku, MPLA da FNLA da UNITA, suna yaƙi da juna. Matsayin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka shi ne a kafa gwamnatin haɗin gwiwa, kuma shi Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya take bi. Da ta tabbata cewa sojan Afirka ta Kudu sun shiga Angola suna yaƙar MPLA, sai gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA ran 25 ga Nuwamba, ta kuma ba ta taimakon dala miliyan 20. Kwamishinan Harkokin Waje na lokacin, Joseph Garba, ya bayyana a littafinsa na 1987 cewa daga Barikin Dodan shawarar ta fito, ba daga ma'aikatarsa ba. Shugaba Ford na Amurka ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana jan hankalinsu kada su bi bayan MPLA, gwamnatin Nijeriya ta buga wasiƙar a jaridu tare da amsa mai zafi. Ran 11 ga Janairu 1976 Janar Murtala ya yi shahararren jawabinsa a taron Adis Ababa, inda ƙasashe suka rabu biyu, 22 a kowane ɓangare. Cikin Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA.

Idan aka kwatanta wannan da 1958 za a ga kama da bambanci. A duka biyun mutane ƙalilan ne suka yanke shawara a cikin ɗaki. Amma ta 1975 an bayyana ta nan take tare da dalilinta, ta dace da ƙiyayyar da 'yan Nijeriya na kowane sashe suke yi wa wariyar launin fata, ɗalibai da ma'aikata suka yi na'am da ita, kuma a lokacin ƙasar tana da kuɗi da sojan da za su sa a saurari maganarta. Shi ya sa kisan Janar Murtala ran 13 ga Fabrairu 1976 bai sauya manufar ba. Janar Olusegun Obasanjo ya ci gaba da ita, har a 1979 gwamnatinsa ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP ana gab da taron Ƙasashe Renon Ingila na Lusaka, inda aka tattauna makomar Rodeshiya.

Abin da Aka Rubuta Cikin Tsarin Mulki

Waɗannan darussa sun shiga cikin doka. Tsarin Mulkin 1979 ya tanadi abubuwan da na 1999 ya maimaita. Sashe na 12 ya ce babu yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da wata ƙasa da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Sashe na 5 ya hana shugaban ƙasa shelar yaƙi sai da amincewar majalisun biyu a zama ɗaya, ya kuma hana shi tura soja fagen fama a wajen ƙasa sai da iznin Majalisar Dattawa. Sashe na 19 kuma ya zayyana manufofin siyasar waje, a cikinsu har da kare bukatun ƙasa da haɗa kan Afirka. An kuma kafa wuraren nazari, kamar Cibiyar Nazarin Harkokin Duniya ta Ikko, wadda aka kafa a 1961, da Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Kuru, wadda aka kafa a 1979, don kada shawara ta dogara ga tunanin mutum ɗaya.

Sai dai rubuta doka dabam, aiki da ita dabam. Bayan Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi cikin Oktoba 2002, Shugaba Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa yankin a 2006. Cikin Nuwamba 2007 Majalisar Dattawa ta koka cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba kamar yadda sashe na 12 ya tanada, amma duk da haka aka kammala miƙawa cikin Agusta 2008.

A shekarar 2023 kuwa abin ya bi wata hanya. Ran 26 ga Yuli soja suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. Ƙungiyar Afirka ta Yamma, a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta ba su wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya take ba Nijar. Amma jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, daga Kebbi har zuwa Barno, kuma mutanen Katsina da Maraɗi, ko na Daura da Damagaram, dangin juna ne. Malamai da sarakuna da 'yan kasuwa suka ɗaga murya, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ran 5 ga Agusta ya bi hanyar sulhu, tawagar malamai ta tafi Yamai. Ba a yi yaƙin ba, aka janye takunkumin cikin Fabrairu 2024. Amma ɓarnar ta riga ta auku, domin Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar cikin Janairu 2025, ƙungiyar da aka kafa tun asali don a riƙe maƙwabta kusa. An ba da wa'adi kafin a tuntuɓi waɗanda iyakar ta ratsa gonakinsu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa shugaban ƙasa da 'yan kusa da shi su ne suke yanke shawarar ƙarshe a kan siyasar waje da tsaro, a mulkin farar hula ko na soja, kuma ba yadda za a yi a kauce wa haka, domin akwai al'amuran da ba sa jiran dogon taro. Amma iyakar abin da za su iya yankewa ya ɗore, jama'a da tattalin arzikin ƙasa da halin maƙwabta su suke shata ta. Shugabanni huɗu mafi ƙarfi a tarihin siyasar Nijeriya sun sa hannu a takarda ɗaya a 1958, majalisa ta amince da ita a 1960, duk da haka ba ta rayu ba, saboda an fara ta a ɓoye kuma ta saɓa wa abin da 'yan ƙasa suke ɗauka mulkin kai yake nufi. Waɗanda suka yi nasarar soke ta su ma sai a 1967 suka ga cewa yage takarda ba ya ƙera jirgin yaƙi.

A nan akwai nauyi a kan ma'aikacin gwamnati. Shi ne yake rubuta takardar da minista zai karanta kafin ya shiga majalisar zartarwa. Idan ya rubuta abin da ya san maigidansa yana son ji, ya ɓoye abin da mutanen kan iyaka za su ce, ko kuɗin da abin zai ci, ko abin da ɗaya ƙasar take nema a ƙarƙashin kyakkyawar maganarta, to, ya jefa shugaba da ƙasa cikin rami. Akwai kuma nauyi a kan ɗalibi. Ɗaliban Badun na 1960 an saurare su ne domin sun san sharuɗɗan yarjejeniyar, sun iya nuna inda suka ci karo da manufar da gwamnati da kanta ta bayyana. Manyan ƙasashe ba su daina neman wurin sauke jiragensu da sojansu a Afirka ta Yamma ba, ko da yake sunayensu da dalilansu suna sauyawa. Duk ranar da aka sake kawo irin wannan takarda, tambayoyin da ya kamata a yi su ne waɗanda aka makara ba a yi ba a 1958: me mai kawo ta yake bukata, me ƙasa za ta biya, wa ya karanta ta, kuma yaushe za a kai ta gaban wakilan jama'a.